Likita da Jinyar Firgici: Tambayoyi da Amsoshi Kan Neman Ƙwarewa Bayan Digiri a Kano

Ƙananan likitoci ne suka fi yi mini waɗannan tambayoyi, wasu a baranda bayan an gama zagayen marasa lafiya, wasu ta WhatsApp da tsakar dare suna aikin kwana. Maimaita amsa ya ishe ni, shi ya sa na tara su wuri ɗaya.

Wane ciwo ake nufi, kuma me ake ce masa da Hausa?

A fayil PTSD muke rubutawa. A baki ni nakan ce ciwon firgici, wato halin da mutum ke shiga bayan ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri, ko an yi garkuwa da shi, ko mota ta kife da shi, ko an yi wa mace fyaɗe, abin ya wuce amma jiki ya ƙi yarda cewa ya wuce. Sunan ya shiga littafin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980, bayan abin da aka gani tattare da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ya tsayar da alamominsa guda uku. Abin yana dawo wa mutum kamar yanzu yake faruwa, ido biyu ko a mafarki. Yana gudun duk abin da zai tuna masa. Kuma kullum a ɗar-ɗar yake, ƙaramin motsi sai ya zabura. Wannan bugun ya ƙara wani nau'i mai sarƙaƙiya, na wanda aka daɗe ana gana wa azaba ba hanyar tsira, har ya daina ganin kansa a bakin komai, zama da mutane ya gagare shi.

Mu a Kano ba sai an ba mu labari ba. Mun ga hare-haren bama-bamai na Juma'ar 20 ga Janairun 2012, mun ga na tashar mota ta Sabon Gari a Maris ɗin 2013, mun ga na Babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki ranar 28 ga Nuwamban 2014. Waɗanda suka fita da rai suna nan cikinmu, a Kwari da Singa da Kurmi, suna ciniki.

Akwai wani dattijo da ciwon ƙirji ya kawo shi wurina. An yi masa awon zuciya har sau uku ba a ga komai ba. Can cikin hira na ce, "Baba, a wane sahu kake tsayawa ranar Juma'a?" Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Likita, shekara da shekaru ke nan sahun ƙarshe nake bi, daf da ƙofa, takalmina a gabana." Idan salansar A Daidaita Sahu ta yi ƙara a bayansa, gwiwoyinsa sagewa suke yi. Ya zagaya asibiti huɗu, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar.

Na yi shekara 6 a makarantar likitanci, na yi zagayen sashen ƙwaƙwalwa. Me ya rage in koya?

Kusan komai. Zagayen nan na 'yan makonni ne, kuma abin da ya koya maka shi ne gane cuta da rubuta ƙwaya. Hannunka ya saba da biro, mara lafiya bai rufe baki ba ka fara rubutu.

Jinya ta hanyar zance sana'a ce mai zaman kanta, kuma tana da tsari kamar tiyata. An san zama nawa za a yi, kowane zama minti nawa ne, me ake yi a zama na biyu wanda ba a yi a na farko, wane aiki za a ba mutum ya tafi da shi gida, da kuma ma'aunin da zai nuna ko ana samun sauƙi. Mutane da yawa, har da likitoci, sun ɗauka nasiha ce. Nasiha kam mara lafiyanka ya sha ta, a gida da masallaci da majalisa, kuma kyauta. Tun ranar da abin ya faru ake ce masa ya yi haƙuri, ya kuma yi. Ya zo gare ka ne saboda haƙurin bai dawo masa da barci ba.

Wace hanya ake bi a hukumance?

Ka gama shekarar horon farko a asibiti, ka samu cikakkiyar rajista da hukumar likitoci ta MDCN, ka yi bautar ƙasa. Daga nan sai jarrabawar share fage ta ɗaya daga cikin kwalejoji biyu. Akwai ta ƙasa, NPMCN, wadda aka kafa a 1979 kuma mazauninta yana Ijanikin a Legas, akwai kuma ta Afirka ta Yamma, WACP. Kowacce tana da tsangayar likitancin ƙwaƙwalwa, da yawa ma sukan haɗa duka biyun. Idan ka ci, sai ka nemi gurbi a asibitin da kwalejin ta amince da shi. Ka yi shekarun ƙaramin mataki, ka zauna jarrabawa, ka hau babban mataki, ka yi bincike ka rubuta kundi, ka kare shi a jarrabawar ƙarshe. Ba ya kasa shekara 4, a aikace kuwa da yawa sukan kai 5 ko 6.

Shawarata guda ce a nan. Idan firgici ne a ranka, to ka ɗora kundin bincikenka a kansa tun farko. Shi ne zai tilasta maka karatu mai zurfi, shi ne kuma zai haɗa ka da masu wannan aiki a wasu wurare.

A ina ake yi a Kano?

Sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, wanda ke tafiya tare da Jami'ar Bayero, shi ne sanannen gida. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, wanda a da na jiha ne, yanzu ya koma hannun gwamnatin tarayya. Idan ka leƙa maƙwabta akwai na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Na Maiduguri ya ga abin da ya gani tun daga 2009, duk mai son ganin firgici da yawa a wuri ɗaya, can ne. Amincewar kwaleji tana da wa'adi, don haka ka duba jerin shekarar da kake nema kafin ka sayi fom.

Ba ni da niyyar zama likitan ƙwaƙwalwa. Akwai abin da zan iya koya?

Akwai, kuma kai aka fi buƙata. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba bisa ƙiyasin da ake yawan ambata, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Dattijon da na ba da labarinsa ba zai taɓa kai kansa Dawanau ba, don a ganinsa can wurin masu taɓin hankali ne. Layin marasa lafiya na yau da kullum zai bi, wurinka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008 domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, littafin aikinsa ya fito a 2010, na wuraren da rikici ko bala'i ya shafa kuma a 2015. Akwai PM+, zama 5 kacal, wanda aka gwada a Fakistan da Kenya, yana koya wa mutum sarrafa numfashi, warware matsala ɗaya bayan ɗaya, da komawa harkokin da ya ƙaurace wa. Wannan ba zai mai da kai gwanin jinyar firgici ba. Amma zai sa ka gane shi, ka taimaka wa mai sauƙi, ka san lokacin tura mai tsanani gaba.

Waɗanne hanyoyin jinya ya kamata horon ya ƙunsa?

Huɗu ne suka fi tsayuwa da ƙafarsu a gwaje-gwaje.

Ta farko ita ce fuskantar abin tsoro a hankali, wadda Edna Foa ta tsara a Amurka, zama 8 zuwa 15, kowanne kamar minti 90. Mara lafiya zai rufe ido ya faɗi abin da ya faru kamar yanzu yake faruwa, a naɗi muryarsa, ya je gida yana saurare. A gefe guda ku jera abubuwan da yake gudu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, yana ba kowanne maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon faɗuwar gabansa. Na dattijon nan sai ya fara da matsawa sahu ɗaya gaba.

Ta biyu ta Patricia Resick ce, CPT, zama 12. Ita tana bin tunanin da ya maƙale ne. Uwa za ta ce da ban aike shi kasuwa ba da yana nan. Yarinya za ta ce ni na ja wa kaina. Ba musu za ka yi da ita ba, tambaya za ka yi ta yi har ita da kanta ta ga inda lissafin ya karkace. Asalinta tana da cike takardu da yawa, amma an sauƙaƙa ta aka yi ta rukuni-rukuni da matan da aka ci wa zarafi a gabashin Kwango, da yawansu ba su iya karatu ba, sakamakon ya fito a 2013 kuma ya yi kyau. Don haka kada wani ya ce maka sai mai boko.

Ta uku EMDR, wadda Francine Shapiro ta fito da ita a ƙarshen shekarun 1980, mai matakai 8. Mutum yana riƙe da hoton abin a ransa, idonsa yana bin yatsun likita dama da hagu. Har yau masana na gardama ko motsin idon ne ke aiki ko sauran tsarin, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin shawarwarinta na 2013. Ka dai yi bayani sosai kafin ka fara kaɗa yatsu a fuskar Bakano, in ba haka ba zai fita ya ce likitan nan tsibbu yake yi.

Ta huɗu ita ce ta fi kwanta mini, NET, jinyar ba da tarihi. Masana a Jami'ar Konstanz ta Jamus ne suka tsara ta, aka gwada ta a kan 'yan gudun hijirar Sudan da ke Yuganda. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, ya ɗora fure a kan kowane abin farin ciki, dutse a kan kowane abin baƙin ciki, ragowar igiyar a bar ta a naɗe, ita ce kwanakin da ke gaba. Sai a bi ta daga haihuwa, dutse bayan dutse. An yi ta ne domin wanda masifarsa ba ɗaya ba ce, irin matar da ta gudo daga Zamfara bayan an ƙone garinsu, ta rasa miji a hanya, ta zo birni ta tarar da wata wahalar. Mutanenmu kuma gwanayen ba da labari ne, ka ba su igiya da tsakuwa ka ga aiki.

Sa mutum ya tuna abin da yake son mantawa, ba fami ba ne?

Wannan ce tambayar da na fi girmamawa. Eh, zai iya zama fami, idan wanda bai iya ba ya yi. Amma kai likita ne, ka san gyambon da aka rufe da ƙyalle ba a wanke ba. Gudun tunawa yana ba da sauƙi na yau, sai dai shi ne ke hana ƙwaƙwalwa koyon cewa haɗarin ya wuce. Duk ranar da dattijon ya tsaya a bakin ƙofa ya fita lafiya, zuciyarsa cewa take yi ƙofar ce ta cece shi. Aikin jinya shi ne a koma wurin cikin aminci, a tsaya har bugun zuciya ya sauka da kansa, a maimaita. Makonnin farko wasu sukan ji kamar abin ya ƙaru, dole ka faɗa musu tun kafin a fara, in ba haka ba ba za ka sake ganinsu ba.

Akwai kuma lokacin da ba a taɓawa. A kwanakin farko bayan abin ya faru, yawancin mutane suna farfaɗowa da kansu cikin 'yan makonni. Tsohuwar al'adar tara waɗanda suka tsira a zama guda a ce kowa ya amayar da abin da ya gani, bincike ya nuna ba ta hana ciwon, an daina ba da shawararta. Abin da ake so a lokacin shi ne ka duba, ka saurara ba tare da matsawa ba, ka haɗa mutum da danginsa da abinci da wurin kwana. Haka nan wanda ke maganar kashe kansa, ko macen da har yanzu take gida ɗaya da mai dukanta, tsira ake fara nema musu.

An kawo mana bitar kwana 3 da satifiket. Ta isa?

Ba ta isa ba. Na taɓa zama irinta a wani otal a nan cikin gari, wata ƙungiya ta shirya. Mun ci kaji, mun kalli majigi, an raba jaka da takardar shaida mai ruwan zinare. Mako na gaba na zaunar da wata baiwar Allah da aka sako daga hannun masu garkuwa, na ce ta rufe ido ta faɗa mini. Minti biyar ba a yi ba ta sandare, idonta a buɗe amma ba ta ganina, tana kiran sunan wani. Ban san abin yi ba, don majigin bai zo nan ba. Wata tsohuwar nas ce ta shigo ta riƙe hannunta, tana cewa, "Hajiya, kalle ni, nan asibiti ne, yau Talata, taɓa wannan teburin." Ta dawo. Ba ta sake zuwa asibitin ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa a wuyan wata na rataya shi.

Kafin ka biya kuɗin kowane horo, ka yi tambaya ɗaya: bayan an tashi daga aji, wa zai duba aikina a kan marasa lafiya na gaske, kuma har tsawon wane lokaci? Ko horon farko na EMDR bisa ƙa'idar ƙungiyarsu ta Amurka, sa'a 20 ne na darasi, 20 na gwaji, 10 na bitar aikinka da babba. Wanda bai da amsar wannan tambaya, takarda yake sayarwa.

Yaya wannan duba aikin yake a zahiri?

Kowane mako ka zauna da wanda ya fi ka, ido da ido ko ta Zoom, ka kawo naɗin zaman da ka yi bisa izinin mara lafiya, da makin takardar awo irin PCL-5 mai tambaya 20. Zai tsayar da naɗin ya ce, a nan ta kusa faɗin abin, me ya sa ka canja magana? Sai ka gane kai ne ka tsorata, ba ita ba. Ba lallai babban ya zama likita ba. Masana halayyar ɗan Adam na asibiti sau da yawa sun fi mu iya wannan, ka ajiye girman kai ka zauna a gabansu.

Ƙwaya fa?

Tana da gurbinta. Satiralin, faroksetin, fuloksetin da benlafaksin suna taimakawa, musamman idan ciwon ya haɗu da matsananciyar damuwa. Wadda za ka kiyaya ita ce wadda hannunmu ya fi saurin rubutawa, diyazafam da danginta. Shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2013 sun ce kada a ba da su don firgici ko rashin barci a watan farko. A garin da muka san abin da kodin da taramol suka yi wa matasa da matan aure, har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a Mayun 2018, bai kamata mu ƙara wata ƙofar ba. Ka riƙa tambaya ma, don wasu masu shan kayan maye barci kawai suke nema.

Littattafan duk da Turanci suke. Yaya zan yi da Hausa?

Ba wanda zai ce maka yana da firgici. Cewa zai yi gabana na faɗuwa, kaina ya yi zafi, tunani ya yi mini yawa, ana danne ni cikin barci. Ka buɗe ɗan littafi kana rubuta kalmomin marasa lafiyanka, ka riƙa mayar musu da nasu. Maki daga 0 zuwa 100 ba kowa zai gane ba, ni kofi nake nunawa in ce, tsoron ya kai ina, gindi, rabi, ko ya cika yana zuba? Kuma ka gwada zaman gaba ɗaya da Hausa da abokin aikinka kafin ka shiga wurin mara lafiya, za ka sha mamakin inda harshenka zai sarƙe.

Idan ya ce aljanu ne, ko yana zuwa ruƙiyya?

Kada ka yi masa dariya, kada kuma ka ce ya zaɓa tsakaninka da malaminsa, don kai zai bari. Kai da malamin za ku iya aiki tare. Abin da za ka hana shi ne duka, ɗauri, ko a ce ya bar magani. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa ana iya jinyar ƙwaƙwalwa tare da dangi da masu maganin gargajiya.

Imani da ƙaddara kuwa sau da yawa abokin aikinka ne. Uwar da ke cewa ita ta kashe ɗanta da ta aike shi, ta san a cikin addininta cewa ajali ba a hannunta yake ba, sai dai zuciyarta ba ta kai nan ba tukuna. Inda abin ke juyewa shi ne idan an sa mata a rai cewa kukanta ko firgicinta raunin imani ne. Wannan ma tunani ne da ya maƙale, kuma malami mai fahimta yakan warware shi cikin jumla biyu fiye da yadda za ka yi a zama uku.

Mace ta shigo da miji ko uwa, ta ƙi magana. Me zan yi?

Ka gaisa da su da mutunci, ka ji nasu, sannan ka ce, "Alhaji, a ɗan ba mu minti goma, akwai tambayoyin da ƙa'idar aiki ce a yi su a keɓe." Nas mace ta zauna a ɗakin. Kada ka fara da kalmar fyaɗe, ka ce ko wani ya taɓa yi miki abin da ba ki so. Ka faɗa mata abin da zai tsaya tsakaninku da abin da ba za ka iya ɓoyewa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ƙarfafa haƙƙin mara lafiya na sirri da na amincewa da jinya. Ka karanta ta, ba ta da tsawon da zai gagare ka. Muna kuma matuƙar buƙatar likitoci mata a wannan fanni, akwai maganar da ba za a taɓa faɗa wa namiji ba ko ya kai shekara ɗari yana horo.

Layi ya kai mutum 60, ina zan samu minti 90?

Ba a cikin layin ba. Ka roƙi yamma ɗaya a mako da ɗaki mai ƙofar da ke rufuwa, ka fara da mutum biyu. Ka lissafa musu kuɗin mota na zama goma tun farko, don shi ne ke yanke jinya fiye da tsoro.

Sai na fita waje?

A Ingila jinya ta zance reshe ne mai zaman kansa, ana shekara 3 a kansa bayan shekara 3 na tushen likitancin ƙwaƙwalwa. Jamus ma tana da fanni na musamman na shekara 5. Idan ka samu dama ka je. Amma darasi da duba aiki yanzu ana samunsu ta intanet, marasa lafiyar kuwa a nan suke.

Shi likitan ba ya kamuwa?

Yana kamuwa. Mai sauraron irin waɗannan labarai kullum yakan fara mafarkin abin da bai gani ba, ko ya ji zuciyarsa ta bushe. Wasunmu ma muna ɗakin agajin gaggawa a waɗancan Juma'o'in, da namu duwatsun a kan igiya. Kada ka jera masu tsanani uku a yamma ɗaya, kuma ka sa wannan a cikin abin da kake kai wa babbanka kowane mako. Ni sai da maiɗakina ta tambaye ni dalilin da ya sa na daina bi ta Ƙofar Mata idan zan je cikin gari, nake zagayawa ta Ƙofar Nasarawa, sannan na lura ina yi.